Ranar da tukunyar gas ɗin Kawu ta ji sanyi

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a Kaduna ba, na je Funtua hutun ƙarshen mako da niyyar in ci tuwon mahaifiyata in sha barci. Barcin da ban samu ba ke nan.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya sayo injin busar da masara na hannu ya kafa a sitonsa da ke hanyar Bakori. Gas ne ke ci da wuta a bakin wani ƙaton bututu, fanka na hura zafin kai tsaye cikin masarar. Shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa, an cire masara da danshinta, ba ranar shanya. Manoma suka yi ta kawo masa tasu har daga Kafur. Kuma masara in ta kwana uku a buhu da danshi, fumfuna ce, ko masu abincin kaji ba za su kalle ta ba. Amanar mutane ce jibge a sito.

Injin kuwa sai ya yi kusan awa yana aiki, wutar ta ƙanƙance, ka ji ƙas, ya kashe kansa.

Kawu ya aika a kira ni. Na ce, "Kawu, ni fa aikin jarida na karanta."

Ya ce, "Ba a jami'a ba ne? Duba mana."

Manoma na zaune kan buhuna suna kallona, wani har ya ce a matsa wa Injiniya. To wallahi sunan ya shige ni. Na lura akwai wani jan maɓalli da ake dannawa wajen kunnawa, muddin yana danne gas na zuwa. Na ce ai abin ba wuya. Na samo robar tsohuwar tayar babur na ɗaure shi tamau. Injin ya daina mutuwa. Kawu ya ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba, ni kuma har hoto na ɗauka na ɗora a intanet.

Amma wutar ta ci gaba da ƙanƙancewa, iskar da ke shiga masara ɗumi-ɗumi kamar numfashin mutum. Kawu ya zagaya bayan injin, ya tarar ƙanƙara ta yi fari fat a gindin tukunyar gas, da rana tsaka. Ya taɓa ya janye hannu.

"Ashe baiwar Allah sanyi take ji."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Sai ga shi ya dawo daga wajen mai shayi riƙe da kasko cike da garwashi, ya ajiye shi daf da tukunyar, har yana gyara masa zama da ƙafa.

Na ce, "Kawu, gas ne fa a ciki."

"Na sani, ni na saye shi."

"In ya yi zafi fashewa zai yi."

"Ɗan nan, ɗumama ta zan yi, ba dafawa ba. Ka taɓa ganin abin da ƙanƙara ta rufe ya kama da wuta?"

Wani dattijo daga Kafur, wanda masararsa ce a layi, ya ce ai Alhaji ya yi gaskiya, ko injin ban ruwa sai ya sha rana yake tashi. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kaɗai ne mahaukaci a wurin.

Na koma gefe na kira abokina da ke sana'ar haɗa kayan gas a Zariya. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ka ce kasko? Rufe tukunyar yanzu, a fitar da wutar nan, kada a sake kunnawa sai na zo." Na ce yaushe? Ya ce sai gobe da hantsi, yana kan wani aiki.

Na fitar da kaskon, na rufe tukunya. Kawu ya buɗe. Na rufe, ya buɗe, ya ce in sake taɓawa in gani. Na jira suka tafi sallar azahar, na rufe, na kwance regileta, wato kan da ke haɗa tukunya da tiyo, na jefa a jaka na hau acaɓa sai gida. Can na ba mahaifiyata ajiyarsa, na yi tawa sallar.

Ba a yi awa ba sai ga Kawu, babbar riga a kafaɗa. Bai ko kalle ni ba.

"Ɗanki ya yi mini sata gaban jama'a."

Mahaifiyata ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta saurari kowa. Sannan ta ce, "Yaya, ni ban san injin ba. Amma ina girki da gas, kuma ko ashana ba na bari kusa da tukunyata. Abin yana ɗakina. In mai gyaran ya zo, ni zan miƙa masa."

"Masarar mutane fa?"

"A shanya."

Haka muka baza ta kan tamfol, ni da ƙafafun da suka saba da takalmin ofis ina juya masara. Da la'asar hadari ya haɗo, muka kwashe a guje, wata ta jiƙe. Ba wanda ya ƙara ce mini Injiniya.

Washegari abokina ya iso. Ya ce tukunya ɗaya ta yi wa injin kaɗan. Zuƙar ta yi yawa, shi ya sa take sanyi, ƙarfin gas ya faɗi, wuta ta yi rauni, injin ya datse gas don kada ya zuba ba wuta. Lafiyarsa lau, aikinsa yake yi. Magani a haɗa tukwane huɗu su raba nauyin. Game da kasko, cikin ladabi ya ce, "Alhaji, Allah ya tsare ku jiya." Ina ta murmushi ina kallon Kawu.

Sai ya tsaya kan jan maɓallin. "Wa ya ɗaure wannan?"

Kawu ya nuna ni da baki.

Abokina ya ce, "Kai? Ka san da wutar ta mutu, gas zai ci gaba da kwarara, fanka na cusa shi cikin siton nan, ga garwashi a gefe? Wannan ai shi ne mai gadin injin, ka kama shi ka ɗaure."

Kawu ya ce, "Faɗa masa dai. Jami'a."

Kafin magriba injin na ruri, masara ta bushe. Buhu uku na dattijon Kafur sun yi fumfuna, Kawu ya musanya masa daga ta gonarsa, ni kuma na yi wata biyu yana amsa gaisuwata da "lafiya" kawai.

Abin da na koya, idan na'ura ta kashe kanta, tambaya ake yi me ta gani, ba dabarar hana ta ake nema ba. Ni da Kawu duk mun so mu fi ta wayo, shi da wuta ni da roba. Amma abin da ke ci mini rai har yanzu, a duk taron dangi Kawu ne ke ba da labarin, kuma a bakinsa babu kasko ko ɗaya. Da na ce, "Kawu, garwashin fa?" sai ya juya wajen mutane ya ce, "Kun gani ko? Har yau bai yarda ya yi laifi ba."