Hancin Muttaƙa da Gwangwanin Shayin Sin

Kafin motar farko ta Damagaram ta cika, Malam Muttaƙa ya riga ya hura gawayi a murhunsa na waya. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka a tashar Magariya. Ba buta yake fara ɗauka ba, ruwa yake fara sansanawa. In ya ji wani abu a ciki, ko na roba ko na sabulu, sai ya zuba wa jakin mai amalanke ya aika a ɗebo wani. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, yaji ba ya shiga bakinsa sai bayan azahar. Mun sha yi masa tsiya a kan haka. Sai ya ce bakin nan ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ƙarshen watan nan zai naɗe tabarmarsa ya koma gona a Mallawa. Tun da na ji, na kasa zama wuri ɗaya. In zo tasha, in zauna, in tashi, in zagaya, in koma gida ban san abin da ya fito da ni ba. Karatuna bai yi nisa ba, tuƙi na sani da cinikin tsofaffin motoci. Amma na ce sai na rubuta abin da idona ya gani, kafin a ce wani mai shayi ne kawai ya tashi.

Don shayin da yake dafa mana, na farko mai ɗaci har zuwa na uku mai zaƙi, ba shi ne babban aikinsa ba. Ranar kasuwa masu ƙananan butik, wato shagunan tireda, sukan zo daga Sassumbrum da Dungas, kowa da ɗan ganye a ƙunshe cikin takarda, samfurin kwalin da yake son saye. Muttaƙa zai murza a tafin hannu, ya hura masa numfashi, ya sansana, ya tauna, ya tofar. Sai ya ce "Saya," ko ya ce "Bar shi." Iyakarta ke nan. Ba a biyansa, ba wanda ya naɗa shi. Amma mutum zai zuba jarinsa duka a kan wannan kalma ɗaya, ya hau babur ya tafi hankali kwance.

Bara bayan damina aka gwada kalmar nan. Rumfarsa a lokacin tana gaban shagon Alhaji Alkasim, babban mai kawo shayi, kuma Alhajin ne ya ba shi wurin. Kwalayen Alhaji sun yi damina cikin magaza ɗaya, wato ɗakin ajiya, da jarkokin esans, man motar da ake tsallakowa da shi daga iyaka. A nan kowa haka yake yi, ɗaki ɗaya ne na kaya, komai a ciki. Shi kuwa ganyen shayi ba abin da ke kusa da shi da ba ya shanyewa.

Hamsatu, mai butik a Sassumbrum, ita ta kawo samfuri. Muttaƙa ya sansana sau ɗaya.

"Bar shi."

"Baba, na Alhaji ne fa. Mai rumfar nan."

"Na ji, 'yata. Bar shi."

Washegari da hantsi sai ga Alhaji da kansa, da wani ɗan gwangwani a hannu. Ya ce mutumin da ke loda masa kaya a ƙasar Sin ne ya ba shi, wai shayin manya ne. A gida an dafa shi yadda muke dafa namu, ya fito da ɗaci kamar maɗaci.

"Malam, ga tsaraba. Kwalayen nan nawa kuma, ka sake sansanawa. Hanci yakan yi kuskure."

Duk wanda ke kan benci ya gane. Lado direba, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ce, "Alhaji, wata biyu da dawowarka daga Sin. Tsarabar a ƙasa ta tako ne?"

Muttaƙa ya karɓa. Ya buɗe gwangwanin. Ganyen ba a dunƙule yake kamar namu ba, a shimfiɗe yake, kore shar, da ƙamshi kamar gyaɗar da aka fara soyawa. Ya tauna ɗaya, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, wannan jariri ne. Tun yana toho aka tsinke shi. Ku kuma kuka dafa shi kamar ganda."

Bai taɓa ganin irinsa ba, ba wanda ya koya masa. Ya tafasa ruwa, ya sauke, ya yi ta juya shi daga buta zuwa buta har hucin ya kwanta. Sannan ya zuba a kan ganyen, ya rufe. Bai kai tsawon alwala ba ya tsiyaye. Ba sukari, ba na'a-na'a, ba kumfa.

Lado ya ɗaga kofinsa ya duba. "Ruwan wankan jego ka ba mu? Ina kumfar?"

"Sha, ka rufe baki."

Muka sha. Da farko kamar ba komai. Can sai wani zaƙi ya taso daga ƙasan maƙogwaro ya zauna. Na sha shayi a Agadas, na sha a Kwatano, ban taɓa jin irinsa ba. Alhaji ya washe baki ya ce, "Ashe Shinuwa, mutumin Sin ɗin nan, bai cuce ni ba!"

Muttaƙa ya ce, "Bai cuce ka ba. To, ka ce in sake sansanawa. A kawo naka."

Aka kawo. Ya yi masa daidai yadda ya yi wa na gwangwani. Mu da muke tafasa shayi har ya yi baƙi, mu danna sukari da na'a-na'a, ba abin da ba ma binnewa a ciki. Yau kuwa ba wurin ɓuya. Lado ya kurɓa, ya furzar.

"Wallahi kamar na tsotsi tiyon esans!"

Alhaji ya kurɓi nasa. Na ga ya haɗiye da ƙyar. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Gobe ina bukatar gaban shagona."

"To, Alhaji. Ga gwangwaninka."

Alhaji ko juyowa bai yi ba.

Da aka watse na ce masa, "Kai ma dai, Muttaƙa. Da ka ce ba ka tabbata ba, ai da ka tsira da rumfarka." Ya dube ni kamar na yi masa yaren wata ƙasa. Ya ce, "Ai na tabbata, Ɗan Azumi."

Kai ne, Muttaƙa, ka ɗauki murhu a ka, da furfurarka, ka koma gindin bishiyar bedi a tsallaken hanya, inda rana ke cin rabin tabarma kafin azahar. Kai ne ba ka taɓa zagin Alhaji ba, kuma ba ka bari an zage shi a bencinka ba. Mai kalma ɗaya, wanda ba a ja masa ciniki. Ni da na sayar da motocin da suka gaji ina rantsuwa sababbi ne, na san nauyin abin da ka ɗauka ran nan.

Gwangwanin kuwa Muttaƙa ya yi masa riƙon amana. Ya naɗe shi da ƙyalle mai tsabta, ya sa cikin sabon tulun da ruwa bai taɓa shiga ba, ya rufe da faifai, a lungun da rana ba ta kaiwa, nesa da daddawa da turaren wutar matarsa. Ranar Juma'a kawai yake buɗewa, ya ɗebi kaɗan da yatsa uku, ya rufe da sauri kamar wani abu zai tsere.

Da bazara zazzaɓi da mura suka kwantar da shi. Ya tashi, amma ƙamshi bai tashi tare da shi ba. Ba wanda ya sani. Da ya so, da ya ci gaba da "Saya" da "Bar shi" har shekara goma, wa zai kama shi? Ranar kasuwa Hamsatu ta miƙa masa ƙunshinta, ya mayar mata a gaban kowa.

"Hancina ya tafi, 'yata. Kada ki ƙara saye da bakina."

Juma'ar da ta wuce ya kakkaɓe na ƙarshe a gwangwanin. Ya miƙo mini kofi.

"Ɗan Azumi, kai za ka gaya mini. Yana nan?"

Na kurɓa. Ƙarya ta zo har bakin harshe, ga ta a shirye, mai daɗin ji. Na dube shi.

"Ya tafi, Muttaƙa. Saura ɗan kaɗan can ƙasa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wata tara a zafin nan! Ya yi ƙoƙari. Da ka ce yana nan, da na san shekara talatin ka yi a bencina a banza."

Mun gode, Malam Muttaƙa. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya, Ya sa gero ya yi maka kyau a Mallawa. Alhaji Alkasim, na ji ka raba magazarka biyu, shayi daban, esans daban. Ka kyauta. Amma kwana tara suka rage, kuma gindin bedin nan ba nisa, hanya ce kawai za ka tsallaka. Ku kuma da jama'a ke saye da bakinku, dillalai da masu gyara da masu awo, ku zo ku ga mutumin kafin ya tafi, ku koyi faɗin abin da kuka ji, ku kuma koyi faɗa ranar da kuka daina ji.

Ranar kasuwar nan na hango Hamsatu a gaban tarin kwalaye, wata maƙwabciyarta na jiranta. Ta murza ganye a tafin hannu, ta hura, ta sansana. Mai kaya na ta rantsuwa. Ta kakkaɓe hannunta ta juya ga maƙwabciyar.

"Bar shi."