Abin da Gwaggo Ta Faɗa wa Baban Famfo

Baban Famfo muke ce masa a layinmu, don tun muna yara a gidan ruwa yake aiki. Ɗakin injuna ne wurinsa: ƙasa kullum da danshi, warin baƙin mai, da wata kujerar ƙarfe da ya ɗaure ƙafarta da waya. Yakan ce ko yana gyangyaɗi ya san injin da ke shirin yin tari. Injunan nan ne suka cinye masa kunne a hankali, har ya zamana in ka ce masa ina kwana sai ya ce maka ruwa zai dawo da yamma. In aka yi masa maganar, sai ya ce, "Kunnena garau yake. Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki."

Da ya yi ritaya, sai gida ya yi masa faɗi. Mai ɗakinsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa maza aiki ya kai su nesa, Auta kuma tana aikin jinya a wani gari. Yakan tashi da sassafe ya fara sa takalmin aiki, sai ya tuna, ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

Wata rana ya je asibiti saboda hawan jini. Likita ta ɗaga murya ta ce, "Baba, a danginku akwai mai wannan ciwon? Mahaifinka fa? Kakanka?"

Mahaifinsa ya rasu tun bai shiga makaranta ba, uwarsa ta ɗauke shi ta koma wajen danginta, kuma har ta bar duniya ba ta son a tayar da zancen. Kakansa kuwa, ko sana'arsa bai sani ba. Ya fito da maganinsa a leda, tambayar ta biyo shi har gida.

Haka ya fara yawon tambaya. Ya nemi gidan da aka haife shi, ya tarar ya zama shagon sayar da taya. Ya zauna da tsofaffin unguwar a kan benci, kowa ya ce, "Kash, da ka zo da wuri. Wanda ya san wannan bai daɗe da rasuwa ba." A ƙarshe wani tsohon tela ya yi masa ihu a kunne cewa ƙanwar mahaifinsa tana nan da rai, a gidan ɗanta, a wani gari da ke ƙarshen layin mota. Rabon Baban Famfo da ita tun ranar aurensa.

Surukarta ce ta shigar da shi. Ƙaramin ɗaki ne, da katifa a ƙasa, da fanka mai juyawa da ƙyar, da ƙamshin man zafi. Gwaggo ta yi ƙanƙanta kamar yarinya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya bar mata hankalinta, amma ya tafi da muryarta, sai ɗan raɗa. Ta dube shi, ta kama wuyan hannunsa, ba ta saki ba.

"Gwaggo, na zo ki ba ni labarin Baba da kakanmu," in ji shi. Ya kunna ɗaukar murya a wayarsa yadda Auta ta koya masa, ya ajiye kusa da matashinta. Surukar ta koma wajen wankinta.

Gwaggo ta fara magana. Yana ganin leɓɓanta suna motsi, amma abin da ke isa kunnensa kamar iska ce ta ƙarƙashin ƙofa. Ya matsa, ya karkata kai, a banza. Kunya ta hana shi cewa ba ya ji. Yaya za a yi ya sa tsohuwa mai numfashi da ƙyar ta maimaita? Duk inda ta tsaya ta zuba masa ido, sai ya ce, "Haka ne, Gwaggo." Sau ɗaya ta yi dariya, shi ma ya yi. Har rana ta karkata tana magana, sannan barci ya ɗauke ta, hannunsa na cikin nata.

Ya tura wa Auta muryar. Ta ce, "Zan saurara, Baba, in na sauka daga aiki." Aikin bai bar ta ba, shi kuma bai matsa mata ba. Ana cikin haka Gwaggo ta rasu. Ya je ta'aziyya, ya zauna cikin mutane masu irin goshinsa waɗanda bai san ko ɗaya ba.

Da Auta ta samu hutu ta zo, ta riƙo masa na'urar ƙara ji, 'yar mitsitsiya da ake maƙalawa a bayan kunne. A mota ta saurari muryar, idanunta sun yi ja. Ta maƙala masa na'urar ba tare da ta nemi izininsa ba, ta zauna a gabansa.

"Kakanka kafinta ne, Baba, kuma bahago. Shi da ƙaninsa suka zo ta jirgin ruwa, ƙanin ya wuce gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifinka kuma mai son waƙa ne, ga tsoron kare. Wai har kan katanga ya taɓa hawa saboda ɗan kwikwiyo."

Ya yi murmushi. "Sai me kuma?"

"Shi ke nan na tarihin."

"Duk tsawon wunin nan?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Sauran tambayoyi ne, Baba. Kai take tambaya."

Ta kunna masa. Ya ji ƙarar fanka, sannan ya ji muryar Gwaggo, siririya, a karon farko. "Ɗan yayana, wa ke dafa maka yanzu? Yaran suna zuwa? Me ya hana ka zuwa tuntuni? Ko fushi kake da mu?" Bayan kowace tambaya sai shiru, sai kuma ga wata murya mai kauri, tasa, ta cika ɗakin: "Haka ne, Gwaggo."

Ya ce wa Auta ta kashe. Ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke kofin da ba shi da datti.

Bai daina binciken ba. Yanzu zuriyar ƙanin kakan nan yake nema, kuma har yau bai samu bakin zaren ba. Auta ta koma aikinta. Wani lokaci da la'asar, in ka wuce ta tagarsa, za ka ji raɗar tsohuwa daga waya, sannan ka ji ya tsayar da ita.

"Ni nake dafawa da kaina, Gwaggo," yakan ce. "Ba daɗi, amma ana ci."