Mushe Lawali da Motar da Ba Ta da Piston

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, cikin watan Sha'aban, da hantsi, ina kwance a ƙarƙashin wata mota a garajina na unguwar Dar es Salam a nan Yamai, wayata ta yi ƙara. Nafisa ce, babbar ƴarka. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Kawu Habibu, Baba ya cika." Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya dosa. Bayan la'asar muka raka ka maƙabartar Yantala, ya Mushe Lawali Zakari, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan Nijar, kana da shekara saba'in da ɗaya a duniya.

Ni makanise ne daga Maraɗi, karatuna bai yi nisa ba. Waɗanda ka koyar cikin shekaru talatin da biyar da ka yi kana malamin kimiyyar fizik a lise, wato babbar sakandare, daga Tawa zuwa Damagaram zuwa nan Yamai, sun fi ni iya rubutu, kuma na san za su rubuta. Amma akwai abin da ke tsakanina da kai wanda babu mai iya faɗarsa sai ni, domin kai ba ka taɓa faɗa ba.

A 2014 na fara ganinka, watanni kaɗan bayan ka ajiye aiki. Ka shigo garajina da wata shuɗiyar Mazda RX-8, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ƙofofinta na baya suna buɗewa ta baibai. Kowa ya bar aikinsa ya zo kallo. Ka ce mini ta yi shekara biyu a wurin masu sayar da motocin da ake kawowa daga Kwatano, rana tana dukanta, babu mai taya ta, saboda duk makanisen da aka kai ya duba sai ya ce a rabu da ita. Injinta ba irin wanda muka sani ba ne. Ba shi da piston mai hawa da sauka. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa a cikinsa, kowanne a ɗakinsa. Ka ce shekara da shekaru kana zana wannan inji a allo da alli, kana kwafowa daga littafi, ba ka taɓa ganinsa da idonka ba. Ranar da ka gan shi, ka kasa barinsa a rana.

Mutane sun yi magana. Dattijo mai furfura, mai sallah a sahun gaba, me zai yi da motar samari? Hanyar gidanka a unguwar Koira Kano rairayi ne, da damina kuma ruwa yake kwanciya. Sai da ka je kasuwar Katako ka sayo katakai masu kauri ka shimfiɗa a bakin ƙofa kafin ta iya shiga gida. Ga shan mai, ga rashin kayan gyara. Duk ka san wannan, ba ka kuma taɓa musanta wa kowa ba. In an gama faɗa maka aibinta sai ka yi murmushi ka ce, "Gaskiya ne, har ma akwai wasu da ba ku sani ba."

Cikin watan Afrilu na 2015, ana tsananin zafi, ka kawo mini ita ka ce tana shan baƙin mai. Kowane mako sai ka ƙara mata. Ka tambaye ni ko na san irin wannan inji. Gaskiyar magana, Mushe, ban san shi ba. Amma akwai masu motoci uku zaune a kan benci suna jin mu, kuma a lokacin ne garajina ya fara yin suna. Na ce maka inji inji ne, ka bar mini ita.

Na duba ƙasa, babu ɗigo. Na bi tiyo-tiyo har na ga wasu ƴan sirara da ke ɗaukar baƙin mai suna zuba shi kai tsaye cikin ɗakin da wuta take kamawa. Na ce a raina na kama ɓarawon. Na toshe su da ƙananan ƙusoshi, na ɗaure da waya, na mayar da komai wurinsa. Ban san cewa haka aka ƙera ta ba. Wannan ɗan man da take ƙonawa shi ne yake sanyaya segiman, wato siraran ƙarafan da ke bakin kowace kusurwa suna tare iska, ya hana su cin bangon ɗakin. Na ba ka makulli ina alfahari. Ka yi mini godiya.

Ba a yi wata biyu ba ta fara ƙin tashi idan ta yi zafi. Wata Juma'a ta mutu maka a hanyar dawowa daga masallaci, aka jawo ta da igiya har garajina. Tun kafin a kwance igiyar zuciyata ta ba ni abin da ya faru. Duk da haka na ce maka tun daga can aka sayar maka da mataccen inji. Na ba ka shawarar da kowa yake ba ka, a cire shi a jefar, a sa mata na wata mota mai piston, kowa ya huta. Ina so a jefar da shi ne don laifina ya tafi tare da shi.

Ka ƙi. Ka ce idan ya mutu, aƙalla mu buɗe mu ga abin da ya kashe shi.

Muka sauke injin muka ɗora a kan tebur. Ka zo da littafin gyaransa da ka sa aka buga maka, mai kauri, ka sa tabarau, kana karantawa kana fassara mini, ni kuma ina kwancewa. Garajin cike yake da mutane, har da makanisai daga wasu garajoji da suka zo ganin cikin wannan abin mamaki. Ina kallonka lokacin da yatsanka ya bi zanen littafin, sannan ya bi tiyon da ke gabanka, ya tsaya a kan wayar da na ɗaure. Ka kwance ta a hankali. Ƙusar ta faɗo a tafin hannunka. Ka dube ta, ka rufe hannu, ka sa a aljihu. Wani ya tambaye ka me aka gani. Ka ce, "Muna dai dubawa."

Sai da kowa ya watse aka bar mu mu biyu, ka fito da ita ka ajiye a kan tebur.

"Habibu, wannan aikinka ne?"

Na ce aikina ne.

Ka ce, "Da ka ce mini ba ka sani ba, da mun nemi sani tare. Ni ma ai littafin yana nan, ban nemo shi da wuri ba. Gobe ƙarfe tara zan zo. Ka tanadi kwano da esansi, fetur ɗin wanke ƙarafa."

Iyakar abin da ka faɗa ke nan, a ranar da bayanta. Na san abin da kalma ɗaya daga bakinka za ta yi mini. Kai mutum ne da rabin ma'aikatan garin nan suka zauna a ajinka. Da ka faɗa a fada ɗaya, inda dattawa ke zaman hira, da kafin mako babu mai sake kawo mini ko keke, kuma a lokacin iyalina da mahaifiyata da ƙannena duk da garajin nan suka dogara. Daga baya na ji cewa a fadarku wani ya matsa maka da tambaya, yana cewa ai an san makanisen ne ya kashe motar. Ka ce masa, "Ni da Habibu muna koyon karatu ne. Idan mun gama za mu gaya muku sakamako." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma tona ni ba.

Wata bakwai muka yi. Wani tsohon ɗalibinka, Isa, da ke aiki a Faransa, shi ya nemo mana segiman da robobin da ke tare ruwa da ɗaki guda na inji, domin ɗaya ya karce ya wuce gyara. Sauran ƙananan abubuwa muka yi ta yawon nema wurin ƴan feraye na Katako, masu tsofaffin ƙarafa, kai da farar rigarka kana tsugunawa cikin tsatsa kana tono. Ka koya mini auna abin da bai kai kaurin gashi ba. Ni kuma na koya maka yadda hannu yake jin ƙusa ta ɗauru kafin ta karye. Ka riƙa ce mini "malam" duk lokacin da na nuna maka wani abu, kuma ba da wasa kake faɗa ba.

Haɗawar farko ba ta yi ba. Ta tashi, muka yi murna, sai ga farin hayaƙi kamar an kunna ciyawa ɗanya. Roba guda ta zame lokacin da muke haɗa ɗakunan, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Na zauna a ƙasa na riƙe kai. Kai kuwa ka ninke hannun riga ka ce yanzu mun san hanya, kwancewar ba za ta kai ta farko wuya ba. Karo na biyu, wata Alhamis bayan azahar, na murɗa makulli ta kama, ta tsaya da kanta tana wani irin guɗa mai santsi da ban taɓa ji a wata mota ba. Na leƙo na ga ka cire tabarau kana goge ido da bakin rawani.

Tun daga nan ka kula da ita da ƙa'ida kamar yadda ka kula da aji. Duk cika tanki na biyu sai ka duba baƙin mai. Ba ka taɓa kashe ta tana da sanyi ba, don takan shaƙe da mai ta ƙi tashi; ko matsar da ita za a yi don a share tsakar gida, sai ka bar ta ta ɗumama. Buji, wato filogi, huɗu gare ta, iri biyu, ka yi wa kowanne alama don kada a sauya musu wuri. Kana da ɗan littafi a aljihun ƙofa inda kake rubuta ranar kowane gyara. Ni kuma na koyi faɗar kalmar da ta fi mini nauyi a da. Yau in aka kawo mini abin da ban sani ba, ko garajin a cike yake, ina cewa ban sani ba, a ba ni kwana biyu in bincika. Ban rasa ko mutum ɗaya ba saboda haka.

A 2021 idanunka suka fara rauni, har likita ya hana ka tuƙi. Na ɗauka za ka sayar da ita. Sai ka ce wannan inji zama yana kashe shi, dole a riƙa sakin sa a hanya. Haka muka fara fita kowace Asabar da safe, ni a sitiyari, kai a gefe, mu bi hanyar Tillaberi har Bubon, mu zauna bakin kogi mu sha shayi, mu dawo. Ba ka ganin allon da ke gabana, amma kunnenka ya fi allurar da ke jikinsa. Kakan ce, "Habibu, kana tausaya mata. Ƙara mata, ba ta son a ja ta a hankali." A waɗannan tafiye-tafiye ne na san ka sosai. Ka san sunan kowane ɗa nawa da ajin da yake. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, da idonka da ba ya gani ka hau bas har Maraɗi ka yi mini kwana uku.

Asabar ta ƙarshe da muka fita, cikin Janairu, numfashi ya riga ya fara yi maka wuya. A Bubon ka ce in kama hannunka in zaunar da kai a kujerar direba. Motar tana tsaye, birkin hannu a ɗaure. Ka shafa sitiyarin, ka taka mai a hankali, ƙarar ta yi ta hawa tana siririta, ka saurara da kanka a karkace, sannan ka saki. Ka ce, "Lafiyarta lau. Mu koma gida, Balki tana jira." Bayan kwana tara aka kwantar da kai asibiti.

Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarka na tsinci kaina a ƙofar gidanka ƙarfe takwas, ban ma yi shawarar zuwa ba. Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa a kan tabarma. Can sai Nafisa ta fito ta miƙo mini makulli. Daga bayan labule na ji muryar matarka Hajiya Balki, wadda ta yi shekara goma tana yi maka tsiya a kan motar nan. Ta ce, "Habibu, tada ta. Gidan ya yi shiru da yawa." Na tada ta. Na zauna a ciki har ta ɗumama, kujerar gefe babu kowa. Cikin masu zaman makoki babu wanda ya ce bai dace ba.

Ya Allah, bawanKa Lawali ɗan Zakari ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a cikin haske. Ka rufa masa asiri ranar da ake buɗe komai, Ka sa ilimin da ya bari a ƙirjin ɗalibansa ya riƙa isa gare shi har ranar tsayuwa.

Hajiya Balki, Nafisa da ƙannenta, ƴan uwa na Tawa, da dubban da suka zauna a gabansa, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma yi wa kaina. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Abin da na rubuta a nan, yau ne ku ma kuka fara jinsa. Na faɗa ne don ku san irin mutumin da yake komowa gida wurinku kowace yamma, ku ƙara shi cikin abin da za ku gaya wa jikokinsa. Allah Ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.

Habibu Maman, Dar es Salam, Yamai