Madubin Baba da Hannun Goggo

Masu gyara kayan mutane ba tambaya, da ku nake.

Bayan samun 'yancin kai, Baba malamin gona ne a Dutsin-Ma, yana da madubin hangen nesa na duba tsuntsaye masu cin gero. Kullum sai ya daidaita zoben saita gani na idon dama na madubin, washegari ya tarar yana gani dishi-dishi. Ya zargi Kawu Sale na Kurfi, mai yawan zuwa kwana gidanmu, da ɗauka a ɓoye, har suka daina gaisawa.

Wata safiya ya iske Goggo, yayarsa, tana murɗa zoben.

"Yaya, me kike yi?"

"Murfin nan ke kwancewa kullum, nake ɗaure maka. Ko godiya babu."

Baba ya ba Kawu haƙuri, amma Kawu bai ƙara kwana gidanmu ba.

Ku faɗi ra'ayinku. A gidana dai, ko gyara za a yi, sai an tambayi mai kaya.