Mai Gaisuwa a Hawa na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana guga a wani otal a wani babban birni na ƙasar waje. In ka tambaye shi daɗin garin, zai ce famfo ba ya ɗaukewa, jirgin ƙasa ba ya saɓa alkawari, yabon ya ƙare ke nan. Abin da ke cin ransa gaisuwa ce, don a nan kamar da cokali ake auna ta.

Tsohon da ke maƙwabtaka da shi ne kaɗai ke amsawa, shi ma da haɓa. Kullum Dogo sai ya tambayi kwanansa da ciwon ƙafarsa, tsohon ya ɗaga haɓa ya wuce.

Da ya daina ganinsa, ya ɗauka tafiya ya yi. Ran nan sai ga kujeru ana fitarwa daga ɗakin tsohon. Ashe mako uku ke nan da rasuwar tsohon, bango ɗaya tsakaninsu.

Dogo ya sa rigarsa mai kyau ya je ta'aziyya. Ɗan marigayin ya ɗauka mai kwasar kaya ne, ya miƙa masa wani gado, ya nuna matakala. Dogo ya sauke gadon har ƙasa.

Ya dawo ya zube gaban matarsa. "Maman yara, ranar da na mutu, ki bi ƙofa-ƙofa ki faɗa."

"In ce wa ya mutu, Malam? Ba wanda ya san sunanka."

Ya daɗe yana murza gwiwa. "Ki ce dogon nan mai gaisuwa."