Wanzami Mai Rawar Hannu

A bakin tashar Obalende akwai wani wanzami da ba a yi wa tayi. Idanunsa a firfito suke, sai ka ɗauka harararka yake, don haka kowa biya yake ba musu. Ramamme ne, amma kwanon shinkafa ba ya barin gefensa. Ana ruwan sama, shi gumi yake. Hannunsa na rawa, askar na rawa, wanda ake wa aski sai salati.

Khamisu na tsaye yana kallon kumburin wuyan mutumin. Haka amininsa Sunusi ya fara, ana tsokanarsa da ci ba ƙiba, har zuciyarsa ta gaza, ya rasu. Likita ya ce maƙoƙo ne, da an zo da wuri da magani ya yi.

Sai Khamisu ya zauna ya miƙa haɓa, ko da yake ba shi da gemun kirki.

"Baba, don Allah ka je a duba wuyan nan."

"Oga, aska na maƙogwaronka kake ba ni shawara?"

"Ajiye ta tukuna. Asibitin so nake in raka ka da ƙafata, ba a ɗauke ni ba."