Kaset Ɗin Fiɗa a Alaba Rago

Babbar Sallar farko bayan shigowar wayar hannu Legas, lokacin da mutum kan tsaya bakin titi yana ihu cikin tafin hannunsa don a san ya saya, ita ce ta kai ni wannan tafiya. Sana'ata fata, a kwatar Agege nake. Kamfanin da ke sayen fatunmu ya gaji da fata mai huji. Suka ce in ta kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ta sake zuwa kamar ta bara, sun daina karɓa. Suka nemi a ɗauki darasin fiɗa a kaset, su zuba shi a kwamfuta, ma'aikatansu na ko'ina su riƙa ji ta intanet. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya riƙe rikoda, ni kuma ina feɗe rago ina bayani, har kaset ya cika gaba da baya. Sai muka ce bari mu fara gwada shi a kan sababbin 'yan cirani kafin layya.

Mun tashi da asuba, ni da malam da rikoda a cikin buhu. Motar haya ta danfo ta cika har bakin ƙofa, kwandasta ya ce buhun ma sai ya biya kuɗin kujera, alhali a cinyata yake. A Oshodi muka ci wake da burodi a tsaye. Mai waken ta ce komai ya tashi saboda Sallah, har yajin ma da awo take zubawa. Kafin Mile 2 muka faɗa layin tirelolin Apapa. Wani ɗan Arewa ya shanya wankinsa a jikin tanka, alamar ba yau ya tsaya ba. Ƙafafuna suka yi tsami, rana ta take kafin mu sauka.

Alaba Rago kukan raguna ne da warin dusa. Wani dattijon mahauci ya tara mana samari a ƙarƙashin rumfa, malam ya danna rikoda. Muryata ta fara gaishe da manyan Agege ɗaya bayan ɗaya, da iyalansu. Kafin in gama gaisuwa wasu sun fara hamma. Can aka ji ina cewa, “To ka ga nan? Nan za ka sa wuƙa. Ba can ba, nan.”

Dattijon ya leƙa cikin rikoda, ya ɗago. “Alhaji, nan ɗin ina ne?”

Aka kwashe da dariya. A kwata kowa na kallon hannuna, a kaset kuwa babu hannu. Da aka zo inda na ce a karɓi gishiri a shagon bayan masallaci, wani ya tashi ya je bayan masallacinsu, ya dawo ya ce wanzami ya tarar. Wani kuma ya ce shi ya iya fiɗa, yadda ake barbaɗa gishiri kawai yake so. Muka yi ta kai kaset gaba da baya muna nema, don maganar gishiri ta cakuɗe da ta wasa wuƙa da ta ƙirgin saniya. Muna cikin nema batir ya mutu. Tirelar raguna ta iso, samarin suka watse sauke kaya. Waɗanda suka rage na nuna musu da hannu a kan fatar akuya.

Muka kama hanyar dawowa a gajiye. Malam ya ce, “Baba, ni ai ban taɓa zuba muku baƙaƙe duka a zama ɗaya ba. Kati guda, harafi guda. Katin nan kuma shi nake kaiwa ajin Abule Egba ba tare da na canza komai ba.”

Haka muka sake aikin. Wasa wuƙa darasi ne shi kaɗai, tsaga ciki shi kaɗai, gishiri shi kaɗai, kowanne gajere, malam ya rubuta sunansa a jiki. Na daina cewa nan da can, sai ƙirji, hammata, cinya. Na cire shago da masallaci da gaisuwa, don wanda ke Kano ya ji kamar da shi ake. Darasin gishirin yanzu yana yi wa mai rago da mai saniya duka.

Sai dai kafin mu gama, Sallah ta wuce. Abin da muka rasa shi ne: yini guda na kasuwa, batir huɗu, maɗaurin takalmina da ya tsinke a Mile 2, da fatun Alaba Rago na shekarar gaba ɗaya. Kamfani ya ɗaga su a rana, ya ga haske ta cikinsu, ya mayar mana da su.